Raddi ga masu cewa langaɓaɓɓen yaro ɗan ruwa ne

Wasu masu tallar magani da lasifika a kasuwannin Ƙaraye da Rogo suna yaɗa cewa jaririn da jikinsa ya yi laƙwas ɗan ruwa ne. Da suna tsayawa ga sayar da garin magani da na ƙyale su, amma maganar na sa a jefar da yara a bakin rafi.

Hujjarsu ta farko, wai ga jikin nan kamar ba ƙashi. Alamomin gaskiya ne: a wata 4 wuya bai tsaya ba, a wata 9 bai zauna ba, in an ɗaga shi ta hammata ya sulluɓe, in ya kwanta ƙafafu su baje, tsotson nono ba ƙarfi. Sai dai ƙashinsa lafiya lau. Tsoka ko tana hutawa tana da ɗan ɗauri, kuma ƙwaƙwalwa ce ke kula da ɗaurin ta hanyar laka da jijiyoyi. In saƙon ya raunana, tsokar ta saki.

Ta biyu, wai uwar ta je dam ɗin Challawa da magariba tana da ciki. To, 'ya'yan matan kulle da ba su taɓa ganin dam ba fa? A tambayi ungozoma tukuna. Naƙudar ta yi tsawo? Ya yi kuka da ya faɗo? Jaririn da numfashinsa ya jinkirta, ƙwaƙwalwarsa na iya taɓuwa. Haka shawarar da ta sa idonsa ya yi ɗorawa a makon suna aka zauna da ita a gida, kuma ƙwallon kafur da ake sawa cikin kayan jarirai na iya tsananta ta. Cikin sauran dalilan akwai sanƙarau da tamowa, akwai kuma lalurar Down, inda ake haihuwar yaro da kromosom na 21 guda uku maimakon biyu.

Ta uku, wai asibiti ya gaza. Nan sun ɗan taɓo gaskiya, domin ƙwaƙwalwar da ta taɓu ba ta komawa daidai. Amma masu gashin ƙashi a Asibitin Malam Aminu Kano suna koya wa uwa motsa gaɓoɓi da yadda za ta zaunar da yaron, da yawa kuma sukan zauna, wasu har su taka. Wanda sinadarin maƙoshinsa ya yi ƙaranci kuwa, ƙwaya ɗaya kullum yake buƙata, in an gano tun yana cikin zanen goyo.