Kafin a Ce wa Ɗalibi Ya Faɗi Damuwarsa

Bahaushe ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai dai ba wanda zai tuɓe a wurin da ya san za a yi masa dariya. Wannan shi ne halin da ɗalibai da malaman manyan makarantun Najeriya suke ciki game da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ana yawan kira gare su da su fito su faɗi abin da ke damun su, amma ba a cika tambayar abin da zai biyo bayan faɗar ba.

A 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma da yawa daga cikin waɗannan larurori suna fara bayyana ne a shekarun ƙuruciya da samartaka. Ke nan a duk ajin da ya cika da ɗalibai, da wuya a rasa masu ciwon damuwa ko fargaba mai tsanani. Ga tsadar rayuwa da ƙarin kuɗin makaranta. Ga kuma irin yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya zaunar da ɗalibai wata takwas a gida, ya bar malamai babu albashi.

Shirun da suke yi yana da dalili. Ɗaliba ta san cewa kalmar “taɓin hankali” tana iya bin ta har ranar da za a zo binciken aure. Malami yana tsoron kada maganar ta shiga fayil ɗinsa, a tuna da ita lokacin ƙarin girma. Doka ma ta daɗe tana tsoratarwa: sashe na 231 na kundin Penal Code ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Sai a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince da haƙƙin majinyaci na a rufa masa asiri, kada a nuna masa bambanci.

Saboda haka nauyin yana wuyan hukumar makaranta. Abu na farko shi ne sirri. A rubuta ƙarara wanda zai ji maganar da wanda ba zai ji ba, kuma bayanan ɗakin ba da shawara su kasance daban da fayil ɗin sashe. Na biyu, faɗar ta zama tana da amfani: ɗalibin da likita ya tabbatar da larurarsa ya samu damar ɗage jarrabawa ko jingine zangon karatu ba tare da an rubuta masa faɗuwa ba, malami kuma a rage masa kwasa-kwasai na ɗan lokaci, kamar yadda ake yi wa mai hawan jini ko wanda aka yi wa tiyata. Na uku, a samar da hanyar tura majinyaci wurin ƙwararru. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suna da sashen wannan fanni.

Limaman masallatan jami'a da limaman coci su ma suna da rawar takawa, domin wurinsu ake fara kai kuka. Idan suka bayyana cewa addu'a da ganin likita ba sa karo da juna, sun sauƙaƙa wa iyaye da ɗalibai.

Makarantar da ta tanadi waɗannan abubuwa ba ta buƙatar dogon wa'azi. Da zarar ɗalibi ɗaya ya faɗi damuwarsa, aka taimake shi, asirinsa kuma ya rufu, labarin zai zagaya ɗakunan kwana, na biyu zai zo da ƙafarsa.