"Can zai koya" sakaci ne, kuma yaro ke biyan kuɗinsa

Iyaye da malamai, akwai maganar da na gaji da ji duk lokacin da yaro ya ci bak yana neman jami'a a Italiya: "Ai ya iya Faransanci, Italiyanci ƙanensa ne, can zai koya." Uba zai sayar da fili ya biya biza da tikitin jirgi, amma ba wanda zai tambaya ko yaron zai iya gaida mai gidan haya. Ni dai na ce wannan sakaci ne.

Faransanci yana taimako, ban musa ba, tunda duka biyun daga Latin suka fito. Amma kamar tana da tarko. Fermare nufinsa tsayarwa, ba rufewa ba. Salire hawa ne, ba ɓata abu da dauɗa ba. Sannan a jami'o'in Italiya jarrabawa da yawa ta baka ce: ɗalibi ya zauna gaban farfesa ya amsa tambayoyi. Wanda kunnensa ke ganewa amma bakinsa bai buɗe ba, nan zai faɗi. Shi ya sa fannonin da ake koyarwa da Italiyanci galibi suke neman matakin B2, wanda ake shaidawa da takardu irin su CILS ta Siyena, CELI ta Peruja ko PLIDA.

Wasu za su ce nasu yaron da Ingilishi zai yi karatu. To, aji kawai ke nan. Cikin kwana 8 na aiki bayan saukarsa, dole ya nemi takardar izinin zama, daga gidan waya zuwa ofishin ƴan sanda. Likita, mai haya, da mai ɗaukar aikin awa 20 a mako da doka ta yarda wa ɗalibi, akasarinsu da harshensu za su yi masa magana.

Wasu kuma su ce talauci ne. Nan ma ban yarda ba, domin inda koyon ya fi araha shi ne nan gida, Maradi ko Damagaram, inda tuwo da ɗaki ba na yuro ba ne. Littafin nahawu ɗaya, wayar da ke hannunsa, shirye-shiryen rediyon RAI da ake saurare a intanet, da awa ɗaya kullum tsawon shekara: sun isa aza tubali. In sun kai uku ko huɗu, su riƙa haɗuwa suna hira da ƙarfi. Bahaushe ma yana da sa'a. Italiyanci kusan yadda aka rubuta shi ake karanta shi, kamar bokonmu, kuma kunnen da ya raba baba da babba zai raba nono, wato na tara, da nonno, wato kaka.

In ya isa can, akwai hanyoyi masu rahusa: makarantun manya na gwamnati da ake kira CPIA, cibiyar harsuna ta jami'arsa, da ɗakunan karatu na gari. Sai dai darussan CPIA galibi na farko ne, A1 da A2. Suna kai mutum kasuwa, ba sa kai shi zauren laccar likitanci. Wanda ya sauka ba ko kalma, sai ya koma ga malamin kuɗi, kuma yuro ɗaya sefa 656 ne.

Don haka, iyaye, kafin ku ba da ko dala ta tafiya, ku ce ya nuna muku takardar matakin da ya kai. Malamai, ku daina yi wa iyaye daɗin baki. Ku faɗa wa ɗalibanku wannan tun suna ajin ƙarshe. In bai shirya ba, ya dakata shekara guda ya koya a gida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.