Filin Mata: Ɗan Da Ya Zama Baƙo A Gidan Ubansa

Yau zan ba ku labarin wani fim da aka yi a ƙasar Ostareliya a 1998, sunansa Head On. Mace ce ta shirya shi, Ana Kokkinos, daga littafin Loaded na Christos Tsiolkas wanda ya fito a 1995. Tun da wuri in gaya muku, ba na yara ba ne, akwai tsiraici da shaye-shaye a ciki.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin basasarsu na 1946 zuwa 1949, Girkawa da yawa suka shiga jiragen ruwa zuwa birnin Malbon neman abinci. Suka yi aiki a masana'antu, suka riƙe harshensu da cocinsu gam. Burinsu 'ya'ya su yi karatu, su sami aiki, su yi aure cikin dangi.

To, Ari ɗan irin wannan gida ne. Shekarunsa 19, ba shi da aiki, kuma maza 'yan'uwansa ya ke so, ba mata ba. Fim ɗin ya bi shi yini guda da dare guda. A gida uba na ta faɗa, wai malalaci ne. A waje sai yawon dare da ƙwayoyi. Ya iya rawar Girkawa sarai, amma ba ya iya buɗe baki ya faɗa wa iyayensa abin da ke ransa, don ya ga wulaƙancin da abokinsa Johnny, mai sa kayan mata, ke sha. Har wanda ya nuna masa ƙauna ma sai da ya kore shi da duka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kullum uwar nan tana ba shi abinci, amma ba ta san wanda ta ke ciyarwa ba. Kowace da ra'ayinta game da halin Ari, ban zo yin gardama ba. Sai dai yaron da ya tabbata za a yar da shi in ya yi magana, ƙarya zai koya, ya kai damuwarsa titi.

Don haka, uwargida, labarin zuciya a tambayi fuska. In ɗanki ya yi shiru, zauna da shi, ki bari ya gama magana kafin ki yi fushi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ku kuma 'yammata, ku riƙe wannan kafin ku yi naku gidajen.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.