Lambar Yabo Tun Kafin Kaka

Ranar 5 ga Oktoba, 2024, Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Nijeriya ta miƙa wa Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, lambar yabo a Abuja saboda hidimar ilmi. A lokacin watansa 16 kacal a kan mulki. Hujjar masu ba shi kuwa ba ɓoyayya ba ce: ya ware wa ilmi kusan kashi 30 cikin ɗari na kasafin 2024, ya kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Yunin shekarar. Duk wannan abin a yaba ne, amma niyya ce da alkawari, alhali lambar girma ladan aikin da aka gama ce.

Dalili kuwa shi ne, ilmi ba shuka ba ce ta damina ɗaya. Yaron da aka sa aji ɗaya a wata firamare ta Kibiya a 2024 ba zai fita ba sai 2030. A ranar ne za a san ko kuɗin da aka rubuta a takarda a Kano ya zama malami a gaban allo, da rufin kwano, da benci, ko kuwa ya maƙale a hanya. Mutanen Rano, waɗanda tarihi ke kira sarakunan baba tare da Kanawa, sun san ba a yanke wa zane hukunci yana fitowa daga marina. Kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sannan shuɗinsa ya bayyana.

Akwai masu cewa yabon wuri ƙaimi ne, wai yakan ɗaure shugaba ya cika abin da ya faɗa. An gwada wannan a manyan wurare. An ba Barack Obama na Amurka kyautar Nobel ta zaman lafiya a Oktoban 2009, bai cika wata tara a ofis ba. Kafin shekarar ta ƙare ya ba da umarnin ƙara soja 30,000 a Afganistan. Abiy Ahmed na Habasha ya karɓi tasa a 2019, a Nuwamban 2020 yaƙin Tigray ya ɓarke. Lambar ba ta ɗaure kowa ba, sai ma masu bayarwa da ta bari da jin kunya.

Bugu da ƙari, ƙungiyar malamai ita ce za ta zauna da gwamnati gobe a kan albashi da ƙarin girma. Wanda ya riga ya yi guɗa, da wane baki zai yi kuka?

Audu Baƙo, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya gina madatsar Tiga. Ya rasu a 1980, amma manomin shinkafa a Bunkure har yau da ruwanta yake noman rani.