Maganar Ɗaukar Hoto da Wayar Hannu

 Ga wata magana da ta kamata mu duba.

Duk wanda ya ci kasuwar Talatar Mafara, ko ya ratsa Bakura da Maradun har ya kai Damaga, ya ga yadda samari ke zare waya daga aljihu su ɗauki hoton abin da ya gilma musu: mai awon shinkafa, da raƙumi da kayansa, da almajirai a gindin darbejiya. A dā sai mutum ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya tafi wurin mai hoto ya zauna bisa kujera kamar mai jiran hukunci. Yanzu kuwa kafin ka gyara rawani an ɗauke ka.

Waɗansu malamai sun ce abin duka haramun ne, gama sura ce. To, lalle akwai saɓani. Mashahurin zance wurin Malikiyya shi ne, surar da aka haramta ita ce ta mai rai, cikakkiya, mai jiki da inuwa, watau irin gunki. Wadda ke shimfiɗe bisa takarda ba ta kai haram ba. Shehu Muhammadu Bakhit, Muftin Masar, wanda ya rasu a 1935, ya yi fatawa cewa hoton na'ura tsare inuwa ne kawai, kamar abin da mutum ke gani cikin madubi. Wanda ya ƙi don tsantseni ba mu zarge shi ba. Amma ni a ganina, inda gizo ke saƙar shi ne wanda aka ɗauka, da inda hoton zai je.

Amfaninsa dai ba ya ɓuya. Falke yakan ɗauki hoton buhunan albasa ya aika wa abokin cinikinsa na Ikko ta WhatsApp, a yi ciniki tun kaya ba su hau mota ba. Akwai kuma wanda ya fi wannan. Da aka gama dam ɗin Bakolori a 1978, ruwa ya ci gonaki da ƙauyuka, aka tashi jama'a masu yawa. Da akwai irin wayoyin nan a lokacin, da yau jikoki sun ga ƙofar gidan kakansu da masallacin da ya yi salla ciki. Haka littattafan da ke cikin gafakar malamai, waɗanda gara da ɗigar damina ke ci. Yaro ɗaya mai natsuwa zai iya ɗaukar su warƙa-warƙa cikin yini guda. Wannan aiki ya fi hoton kai da ake ta yi ana karkata hula.

To, sai dai ƙasarmu ba ta zaune lafiya. Kowa ya tuna a watan Satumba na 2021 hukuma ta yanke layukan waya a Zamfara, ta kuma rufe kasuwannin mako, domin a raba ɓarayin daji da masu kai musu labari. Saurayin da ya ɗauki hoton garken maƙwabcinsa, ko rumbunansa cike da gero, ko attajiri yana ƙirgar kuɗi a rumfa, ya watsa a Facebook, ya yi wa mai leƙen asiri aikinsa kyauta, ko da bai nufa ba. Hoto ba ya zaɓen idon da zai kalle shi.

Mafi muni, idan aka kai hari, sai ka ga masu waya sun riga masu likkafani isa wurin. Uwa ta ga gawar ɗanta a wayar wani kafin dattawa su zo su ba ta haƙuri. Subhanallahi! Suratul Hujurati ta hana binciken asirin mutane, Suratun Nur kuwa ta yi umurni da neman izini kafin shiga gidan wani. Yaya wanda aka hana shi leƙa zaure da ido zai ɗauki matan aure a bakin rijiya, ya kai su gaban dubban baƙi?

Saboda haka ina roƙon limamai su faɗi wannan a huɗuba, sarakunan kasuwa kuma su ja kunnen yaran rumfa. Mai son hoton mutum ya yi sallama ya tambaya. In an ce a'a, ya mai da wayarsa aljihu, ya juya ga raƙumin.