GADON YARO BA KAYAN ALFARMA BA NE

Jama'ar Rogo Ruma, maza da mata, 'yan kasuwa da manoma, maganarmu ta wannan mako a kan makwancin 'ya'yanmu take. Wani zai ce ina ruwan siyasa da gado? Amsarmu ita ce, tun ran 8 ga Agusta 1950 da aka kafa NEPU a Kano, siyasar talaka ba ta wuce ci da sha da sutura da makwanci ba.

Ku shiga gidajen Rogo da Zarewa da Fulatan da Ƙaraye da dare, ku duba inda yara ke kwana. A gidaje da yawa sai ku tarar da huɗu ko biyar bisa tabarma guda, a ƙasa. Da damina sanyin ƙasa ya kama ƙirjinsu, da bazara kunama ta fito. Ga kuma sauro, musamman a ƙasa irin tamu mai fadamu da gonakin rake, ga dam ɗin Challawa kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya duka a Nijeriya suke. Ana raba gidan sauro, madalla, amma sai an cusa bakinsa ƙarƙashin katifa kāna ya yi aiki sosai. Bisa tabarma kuwa, yaro ya yi juyi ɗaya ƙafarsa tana waje. Bayan wannan, addini ya umurce mu mu raba wa yara makwanci in sun kai shekara 10. Ina mai ɗaki ɗaya da tabarma ɗaya zai raba?

Kakanninmu ba su rasa dabara ba. Suna da gadon kara, da gadon gwangwala, da gadon ƙasa wanda ake hura wuta ƙarƙashinsa da hunturu, da katifar audugar rimi. Daga baya gadon ƙarfe ya zo. A nan Kano aka kafa masana'antar Moukarim a 1959 tana ƙera gadajen ƙarfe, kuma har yau akwai tsofaffin da ke kwana bisa gadon ƙarfen aurensu.

Me ya sa gado ya gagari talaka yau? Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, a 2024 ta wuce 1,000. A watan Yuni 2023 aka saki naira, dalar da ake saye wajen naira 460 ta wuce 1,500 a 2024. Yawancin katakon da kafintocinmu ke aiki da shi daga Kudu yake zuwa a mota, a sauke a 'Yan Katako ta Na'ibawa, a sāke yin lodi zuwa Rogo, kowace tafiya da kuɗin mai da na shingen hanya. Sinadarin da ake yin katifar soso da shi daga ƙasashen waje ake sayo shi da dala. Itatuwanmu masu ƙarko kuwa sun yi ƙaranci. Madobiya an yi ta sare ta ana kaiwa ƙasar Sin, har a 2018 aka dakatar da Nijeriya daga cinikinta. Kafinta bai cuce ku ba, jama'a, shi ma cutarsa aka yi.

Masu mulki ba su jahilci darajar gado ba. A watan Oktoba 2023 gwamnatin Kano ta ɗaura aure 1,800 a rana guda, ta ba amare gado da katifa. Ba mu ƙi ba, aikin alheri ne. Amma yaran da za a haifa cikin waɗannan gidaje fa, ina za su kwanta?

Kafin masu mulki su farka, ga shawararmu ga mai ɗan abin hannu.

Kada sheƙi ya ruɗe ku. Gadon da ake yi da allon garin katako, wanda kafintoci ke kira MDF, yana da kyaun gani a bakin titi, amma bai san ruwa ba. Yaro ya yi fitsarin kwance sau uku, allon ya kumbura, ƙusa ta saki, kuɗinku sun tafi. Araha ba ta ado. Ku nemi katako na gaske, maɗaci ko ƙawo in da hali, in babu ko darbejiya, gama gara ba ta cika son ta ba. Lalle ya zama busasshe, domin ɗanyen katako yakan karkace ya tsage bayan 'yan watanni. Ku je ku gani tun ba a shafa fenti ba, gama fenti yakan ɓoye ruɓa. Ku dubi mahaɗa: a huda katako a sarƙa wani cikin wani, ko a ɗaure da noti, kada ƙusa kaɗai ta riƙe. In gadon ƙarfe ne, ku duba kaurin ƙarfen da kyaun walda, a goge duk wani tsini, a shafa fenti don tsatsa. Ƙarfe kuma ya fi sauƙin kora wa kuɗin cizo.

Kada ku yi ɗan ƙaramin gado wanda yaro zai fi ƙarfinsa cikin shekara biyu. Ku yi mai tsawon ƙafa shida, wa ya bar wa ƙane, gado ya zama gādo. In ɗaki ya yi ƙunci a yi mai hawa biyu, amma da makari a sama, kuma yaron da bai kai shekara 6 ba kada ya kwana a bisa. A kafa sanduna huɗu na gidan sauro tun wurin kafinta. Wajen ajiyar tufafi kuwa akwatin ƙarfe ya fi dogon kabad, wanda yaro kan hau ya faɗo masa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida goma su yi adashi, su sayo katako lodi guda, su ba kafintan garinsu aiki gaba ɗaya, kuɗin mota ya ragu, kuɗin aiki ya tsaya a Rogo.

Ga majalisun Rogo da Ƙaraye kuwa, ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu hannu da hannu. Muna neman abu uku. A ba kafintoci da masu waldar ƙasarmu kwangilar bencin makaranta da gadon asibiti, maimakon a ba ɗan kwangilar birni. A daina tatsar motocin katako da harajin da ba shi da rasit. A dasa maɗaci da darbejiya a kowace makaranta da kasuwa, a kuma tsare su daga masu gawayi.

'Yan'uwa, duk mai neman ƙuri'a da ya zo ƙofar gidanku da taliya da sabulu, ku shigar da shi ɗakin yara ya ga tabarmar, ku tambaye shi bisa me nasa 'ya'yan ke kwana.

Allah ya ba talaka sawaba. Amin.

Magatakardan Jam'iyya, Reshen Rogo Ruma