MAI MOTA, BUƊE BONET DA HANNUNKA

Jama'a, yau ga masu mota muka nufa da magana, amma ba masu doguwar mota mai baƙin gilashi ba. Da ku muke, 'yan'uwanmu talakawa, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna adashi da ƙulle-ƙulle kafin su sami wata tsohuwar Golf ta Kwatano, ko akori-kura, ko J5 mai ɗaukar buhuna zuwa Dawanau. Irin wannan mota jari ce. Ran da ta tsaya, tukunyar gida ta tsaya.

Kowa ya san abin da ya faru. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai. Litar fetur da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haye wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000. Darajar Naira ta faɗi a 2023 da 2024, kayan gyara kuwa yawancinsu daga waje ake kawo su. Wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman fulogi ko batir ba ya bukatar mu ba shi labari. Ba mu daina tuhumar masu mulki a kan wannan ba, ba mu kuma daina tambayarsu labarin ramukan hanya da ke cinye mana taya ba. Amma fa akwai wata hasara wadda ba gwamnati ke jawo mana ita ba, mu ne da sakacinmu. Ita za mu faɗa yau, ko da ba ta yi wa wasu daɗi ba.

Mun san wani ɗan'uwanmu mai kai tumatir daga Kura zuwa kasuwar 'Yankaba. Wata asuba yana tafe da kwanduna cike, sai jar fitilar mai ta kama a gabansa. Ya ce bari dai ya lallaɓa ya kai kaya, in ya so a duba. Bai yi nisa ba injin ya buga. Rana ta fito ta sami tumatir a bakin titi, kafin a samo wata mota rabi ya ruɓe. Ya yi hasarar kaya, ya yi hasarar inji, ga bashin manoma a wuya. Da makanike ya kwance, sai aka tarar baƙin mai ne ya tsiyaye sannu a hankali, makonni ba wanda ya duba. Aikin minti biyu ke nan ya cinye jarin shekara uku.

To, ga abubuwan da muke roƙon kowane mai mota ya riƙa yi da hannunsa, ba sai da makanike ba, ba kuma sai da ilmin boko ba.

Na fari, baƙin mai. Ajiye mota inda ƙasa take a daidaice, da safe kafin a ta da inji, ko bayan an kashe shi da kamar minti goma. Zaro sandar awon mai, goge ta da tsumma, mai da ita har ƙarshe, sa'an nan ka sake zarowa. Akwai alama biyu a jikinta, lalle ne mai ya tsaya tsakaninsu. In ya yi ƙasa ka ƙara, amma kada ka zarce alamar sama, don cika shi fiye da kima ma ɓarna ne. Dubi kalarsa kuma. In ka ga ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa, sau da yawa gaskit ne ya ƙone, wannan sai gareji. A irin ƙurarmu da zafinmu, mai na gama-gari ana juye shi kamar kowace kilomita 5,000, tare da filtarsa. Ku guji man da ake aunawa a tsohuwar kwalba ba suna ba hatimi. Arha ba ta ado. In kuwa jar fitilar mai ta kama kana cikin tafiya, tsaya nan take, ko kayan sarki ka ɗauko.

Na biyu, ruwan lagireto. A duba shi inji na sanyi. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan yana tafasa a matse, zai feso ya saɓule maka fuska da hannu. Ruwan rijiya yana barin tsatsa da dasashi cikin bututu, ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan ya fi shi nesa ba kusa ba. In kullum sai ka ƙara ruwa, to akwai inda yake yoyo. Leƙa ƙarƙashin mota da safe, ƙasa za ta nuna maka. Ka shafa fanbel kuma, inji a kashe. In ya tsattsage ko ya saki, canja shi a gida ya fi ya tsinke maka a dajin Falgore.

Na uku, iyakilina, watau matatar iska. Inji yana numfashi kamar mutum. Da hunturu ƙura takan toshe matatar nan, sai mota ta rasa ƙarfi, tsofaffin motoci masu kafireto kuwa su riƙa zuƙar fetur banza. Buɗe akwatinta, ciro ta, kakkaɓe a hankali, ɗaga ta wajen rana. In haske ba ya ratsawa, kwananta ya ƙare. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa ko fetur. Kada kuma ka yarda da mai ce maka a cire ta a yar don mota ta ƙara gudu, yashin da zai shiga shi zai ci injin.

Na huɗu, taya, kuma nan ne maganar rai take. Yawan iskar da motarka ke bukata yana rubuce jikin ƙofar direba ko cikin littafin motar, a ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 da 35 ne a ma'aunin mai faci. A auna taya na sanyi, aƙalla sau ɗaya a wata, har da safaya. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana ƙara shan mai, tana ɗaukar zafi, ita ce ke fashewa da rana tsaka a kan kwalta, balle an yi mata lodi fiye da ƙarfinta. Akwai kuma lamba huɗu a gefen kowace taya masu faɗin ranar haihuwarta. In ka ga 2319, an yi ta cikin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu. 'Yan kasuwa ne ku, ba ku sayen buhu ba ku soka shi kun ga ƙwaya ba. Don me za ku sayi tayar Beljiyam ba ku karanta lambarta ba?

Na biyar, batir da birki. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir yana hana mota tashi. Kwance wayar da ke da alamar ragi tukuna, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Wanke kan da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, kada ya shiga ciki, ka busar, ka ɗaure tamau, ka shafa giris kaɗan. In batirin mai murafu ne, ruwan batir tatacce ake ƙarawa, ba asid ba. Man birki kuwa yana cikin ɗan gwangwanin roba mai alama biyu. In ka ga yana raguwa, ko ka taka birki ka ji ya yi laushi, kada ka ɗauki fasinja ko ɗaya sai makanike ya gani.

Wani zai ce, ai ni mai gida ne, ina da direba da yaron mota, ba ni taɓa baƙin mai. Girman kai rawanin tsiya! Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Direba in mota ta mutu sai ya nemi wata, kai kuwa fa? Wani kuma zai ce muna so mu kashe wa makanikai kasuwa. Ko kusa. Makanikai 'yan'uwanmu ne, talakawa ne masu cin guminsu, kuma na kirki a cikinsu ya fi son a kawo masa mota tun ciwo na ƙarami. Abin da ke akwai shi ne, wanda ya san motarsa ba a sayar masa da sabon famfo alhali fiyus ne ya ƙone. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Amma kowa ya san iyakarsa. Cikin birki, da giya, da sitiyari, da wayoyin motocin zamani masu kwamfuta, aikin masu sana'a ne. Kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, mutane sun mutu ta haka. In za ka canja taya, ka tokare sauran da dutse, ka sassauta noti tun mota na ƙasa, sa'an nan ka ɗaga. Tsohon man da aka juye kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, ruwan nan mu da 'ya'yanmu ke sha.

Shawararmu ta ƙarshe mai sauƙi ce. Kowane ɗan kasuwa yana da littafin bashi. To, a sami wani ɗan littafi a ajiye cikin mota, a rubuta ranar juye, da lambar kilomita, da abin da aka canja, da nawa aka biya. A zaɓi rana guda a mako, ko safiyar Jumma'a ce, a buɗe bonet kafin a fita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyoyinmu na kasuwa da na tasha kuma, me zai hana su gayyato wani dattijon makanike ya nuna wa membobi waɗannan abubuwa da idonsu, a biya shi ladansa? Kuɗin da za a tara bai kai na taya guda ba.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mana hanya, ya sa albarka a neman halalinmu, amin.